Kwarashi ko Kibiya: A Gwada Kafin a Ci Bashin Zare

An ƙirga zubin yau, an rufe akwati, masu makulli kowace ta ɗaure nata a bakin zane. To ina roƙon ku ɗan lokaci kafin a watse, don akwai maganar da nake so mu yi tun kaka ba ta wuce ba.

Duk shekara da an fara yankan gero, sai mata uku ko huɗu su tashi a cikinmu su ce suna son rance don su sari zaren saƙa. Kuma dalilinsu mai kyau ne. Kowa ya san irin sanyin da ke tasowa daga fadamar Rima a watan Disamba da Janairu, wanda ke shiga har ƙashi. Jariri dole ya samu hula da safa da 'yar rigar sanyi, kuma mai jego ba ta doguwar jayayya a kan kuɗin hular ɗanta. Ban da wannan, da yawa daga cikinmu nan Sabon Birni da Isa ba gona yanzu, ba bisashe. Wasu ma ba garinsu ba ne nan, rashin tsaro ne ya kawo su. Saƙa sana'a ce da ake yi a tsakar gida, kayanta duka su shige leda guda. In tashi ya kama, Allah ya kiyaye, ba a barin ta baya kamar yadda ake barin turmi da rumbu.

Amma ga abin da nake gani. Mace za ta zuba kuɗin rancen kakaf a kan zare, ta zaɓi launi, ta zaɓi mai laushi. Abin da za ta saƙa shi da shi kuwa, duk wanda hannu ya kai. “Ai kwarashi kwarashi ne.” Ba haka ba ne, 'yar'uwa. Cikin kayan saƙa duka shi ne mafi araha, amma shi ne zai yanke miki ko zaren nan ya zama riba ko ya zama bashin da zai hana ki barci ranar da wa'adin wata uku ya cika.

Mu fara da bambancin biyun. Kwarashi ɗan sanda ne guda mai ƙugiya a baki. Kibiyoyi kuwa biyu ne, masu tsini, ba ƙugiya. Idan na ce “ido”, ina nufin kowane ɗan zagayen zare da ke rataye a jikin abin saƙar. A kwarashi ido ɗaya ne kawai kike riƙe da shi a mafi yawan lokaci. Yaro ya yi kuka, ko tukunya ta tafasa, ki ajiye ki tashi, ba abin da zai lalace. A kibiya kuwa idanun layin duka suna rataye, hamsin ko sittin. Guda ya zame ba ki lura ba, sai ya bi ƙasa yana warwarewa kamar tsani. Shi ya sa nake ce wa mai koyo, musamman mai ƙananan ɗiya, ta fara da kwarashi. Yana da sauri, kuma yin abu zagayayye kamar hula ko marfin kwano ya fi sauƙi da shi.

Sai dai kwarashi ya fi cin zare, kuma saƙarsa ta fi kauri da tauri. Saƙar kibiya ta fi laushi, tana miƙewa ta koma, tana lafewa a jiki. Rigar sanyi da safa sun fi kyau da ita, kuma dunƙulen zare ɗaya ya fi yi miki nisa. Saboda haka ki fara sanin mi za ki saƙa da wanda zai saya. Daga nan ki zaɓi zare. Abin saƙa shi ne na uku, zare ne ke zaɓen sa, ba ke ba.

Yanzu sai maganar lamba, kuma a nan ne ni kaina na taɓa faɗawa rami. Tsohuwar da ta koya mini saƙa tana da wasu kibiyoyi tun na da, an rubuta 8 a gindinsu. Da su na koya, hannuna ya saba. Da na tashi yin nawa, wani ƙanena zai shiga Maraɗi, na ce ya sawo mini kibiya lamba 8. Wallahi da ya dawo sai ga wasu manya, sun fi fensir kauri, kamar zan tuƙa tuwo. Na yi ta faɗa, alhali yaron bai yi laifi ba, abin da na ce shi ya kawo.

Dalili shi ne lambobin nan ba iri ɗaya ba ne a duniya. Tsohon lissafin Ingila a juye yake, lamba na hawa kibiya na sirancewa, lamba 8 tasu milimita 4 ce, lamba 12 kuma ba ta kai milimita 3 ba. Lissafin Amurka lamba na hawa kauri na ƙaruwa, 8 tasu milimita 5 ce. A Nijar kuwa lissafin Faransa ake bi, lambar ita ce milimitar, 8 na nufin milimita 8 cif. Kun ga lamba ɗaya, kauri uku. Haka ma ƙananan kwarashin ƙarfe na siririn zare, da yawansu lissafinsu a juye yake. Kayan da ke zuwa kasuwanninmu yanzu galibi daga Sin suke, wani an buga masa lamba biyu a jiki, wani ɗaya. To wadda za ku duba ita ce wadda aka rubuta “mm” a gefenta, wato milimita. Ita kaɗai ce ba ta canzawa daga Sakkwato har Maraɗi.

Na daɗe a kan wannan don yanzu ba kowace ce ke iya zuwa kasuwar birni da ƙafarta ba. Hanyoyin nan kun san halinsu. Saƙo muke bayarwa a hannun direba ko wani ɗan'uwa, kuma in abu ya zo ba daidai ba, ba wanda zai sake shiga wannan hanya don musayar kwarashi guda. Don haka in za ki yi saƙo, a rubuta miki milimita a takarda, ki yanko ɗan guntun zaren da za ki yi aiki da shi ki naɗe a ciki. Mai shago in ya ga zaren ya san abin da zai bayar.

Wadda ba ta karatun boko ga ma'auni a gida. Kaurin tsinken ashana wajen milimita 2 ne. Fensir wajen 7. Siririn zaren kayan jarirai yana tafiya da milimita 3 ko 3 da rabi. Matsakaicin zare, wanda aka fi samu a wurinmu, milimita 4, wato kamar tsinken ashana biyu a jere. Mai kauri, ko kuma in kin haɗa zare biyu kina saƙawa tare, 5 ko 6. Ga kuma wata dabara: ki ninka zaren biyu ki kwantar a jikin kibiya. In kaurinsu ya yi kusan daidai, kin kusa. A kwarashi kuma ki sa zaren a wuyan ƙugiyar, ya zauna ciki daram, kada ya yi lilo, kada kuma ya cika ya tumbatso. Takardar nan da ke naɗe a jikin dunƙule kada ku jefar, sau da yawa an zana kibiya ko kwarashi a kai tare da milimitar da ta dace. Akwai kuma lambar rini a jiki. In zare ya ƙare miki a tsakiyar riga, da ita za a nemo miki irinsa, don shuɗi biyu ba sa zama ɗaya in ba tukunyarsu guda ba.

Mi ke faruwa in ba su dace ba? In abin saƙar ya yi wa zaren ƙanƙanta, saƙa za ta fito da tauri kamar faifai, ta cinye zare, yatsunki su yi ciwo. In ya yi masa girma, sai ta fito da ramuka kamar komar masunta, iskar hunturu ta ratsa ta kai ga kan jariri. Duka biyun uwa ba za ta dawo wurinki ba, kuma za ta gaya wa maƙwabta.

Ko da kin samu milimitar daidai, akwai sauran abu guda, hannu. Ni ina ɗaure saƙa, wata tana sakinta. Mu riƙe kwarashi iri ɗaya da zare iri ɗaya, hularmu ba za ta zo daidai ba. Maganin wannan shi ne gwaji. Kafin ki fara abin sayarwa, ki saƙa ɗan ƙyalle kamar tafin hannu, ki ɗauko tef ɗin tela ki ƙirga ido nawa ne a cikin santimita 10. Na san za ku ce ɓata lokaci ne da ɓata zare. Zaren ba ya ɓaci, warwarewa za ki yi ki sake amfani da shi. Bari in nuna muku da lissafi. Kewayen kan sabon jariri wajen santimita 34 ne ko 35, ana kuma yin hular ta ɗan gaza don ta kama, a ce 32. In gwajinki da kibiya ya ba ki ido 20 a santimita 10, to da ido 64 za ki fara. Amma in kin ari kibiyar maƙwabciya mai ɗan kauri, tana ba ki 17 ba ki sani ba, idon nan 64 zai ba ki kusan santimita 38. Hula ta sauko ta rufe wa jariri ido da hanci. Ki yi irinta guda goma kafin wata ta gaya miki gaskiya, kin ga inda rancenki ya tafi.

Game da abin da aka yi su da shi, ba zan tsawaita ba. Na alminiyam shi nake shawarta, zare na santsi a kansa, ba ya tsatsa, yana daɗewa. Na roba siriri yana lanƙwashewa, in an zauna a kai ya karye. Na gora ko katako yana riƙe zare, ya yi wa mai koyon kibiya kyau don ido ba ya zamewa. Da yawanmu da tsinken tsintsiya muka fara muna yara, wasu da wayar keke da maƙeri ya goge wa baki. Ba na raina su, sun koya muna. Amma abin sayarwa yana son kibiyoyi biyu masu kauri ɗaya tun daga tsini har gindi, kuma wayar keke siririya ce, tana tsatsa da damina ta ɓata farin zare.

In sabo ya zo hannunki, ki goga bakinsa a kan ɗan sawun auduga ko gefen tsohon mayafi. In ya kama ko da silli ɗaya, haka zai riƙa tsaga miki zare. Ki goge wurin da sanfefa mai laushi, na katako kuma ki shafa masa kakin zuma. Ki mirgina kibiya a kan tire, in tana tsalle ta karkace.

Hannunki ma kayan aiki ne. Da hunturu fata na tsagewa, kaushin yatsa ya riƙa jan zare yana tayar masa da gashi, abu sabo ya zama kamar an sa shi shekara. Ki shafa man kaɗe da dare, da safe ki wanke ki goge kafin ki taɓa zare. Baƙin zare da shuɗi mai duhu ki bar su da rana, da dare ki yi fari da ruwan ɗorawa in kina da fitilar sola. In wuyan hannu ya fara zafi ki ajiye, kada ki yi gardama da shi.

Wani gargaɗi da ba na so ku manta. Zaren da muke kira ulu, mafi yawansa ba gashin tunkiya ba ne, roba ce. Ki kai bakinsa ga ashana ki gani, zai narke ya dunƙule baƙi ƙirin, alhali auduga toka take zama. Ku gaya wa duk wadda ta saya kada ta zauna da jariri gab da murhu ko kaskon wuta yana sanye da shi, kada kuma ta goge da dutsen guga. Kayan jariri ba maɓalli, ba duwatsun ado, ba doguwar igiya a wuya. Kibiya kuwa sunanta ya isa gargaɗi, ku samu gorar ruwa mai murfi ku zuba su ciki, ku rataye inda hannun yaro ba ya kai.

To ga shawarar da na zo da ita, ku tattauna. Irin wannan adashe namu na akwati a ƙasar Maraɗi ya samo asali, a 1991, lokacin da ƙungiyar CARE ta fara shi da matan ƙauye da sunan Mata Masu Dubara, don abin da mace ɗaya ba ta iyawa, ashirin sun iya. Ba kowace ce za ta sayi kwarashi kala biyar don gwaji ba. Amma ƙungiya tana iya sayen jeri guda, kwarashi daga milimita 3 zuwa 6, kibiyoyi na 3 da rabi da 4 da 5, da tef ɗin tela ɗaya. A rubuta su a littafi kamar sauran kayan ƙungiya, a ba mace ɗaya amana. Duk mai neman rancen zare ta fara sayen dunƙule ɗaya da kuɗinta, ta ara ta gwada, ta kawo muna hula ɗaya gamammiya a gaban taro. Mu ga kyanta, ta gaya muna hula nawa dunƙule zai ba ta da kwana nawa ta ɗauka. Da wannan za mu san nawa ya kamata ta ranta, ita ma ta san wane kwarashi guda ɗaya za ta yi saƙonsa.

Taro mai zuwa, duk mai kwarashi ko kibiya a gida ta zo da su, ko tsoho ne, ko lambar ta goge. Ku zo da ragowar zare in akwai. Ni zan zo da tef da kwalin ashana, mu auna na kowa, mu ɗaura masa ɗan ƙyalle mai alama. Inna shugaba, na mayar miki da taro.