Dish a Kan Rufinmu: Jawabi a Taron Ƙungiya



An ce in yi magana a kan akwatin talabijin. To, a garin nan namu na Ibadan aka fara shi a Nijeriya, a 1959. Daga 1977 tashoshi suka koma ƙarƙashin NTA. Manyanmu za su tuna, sai wajen ƙarfe huɗu na yamma ake buɗe tasha, a rufe da tsakar dare. Eriya ba ta kamo sai tashar da ke kusa, don haka mu a Sabo Yarbanci da Turanci kawai muke ji.

Tauraron ɗan Adam ne ya sauya wannan. Yana can sama wajen kilomita 36,000, yana juyawa daidai da juyawar duniya, shi ya sa in an saita dish sau ɗaya, shi ke nan. Tasha ta tura masa hoto, shi kuma ya watso wa ƙasashe. Lokacin yaƙin Gulf a 1991, gidajen masu hali ake cika don kallon CNN, saboda dish ɗin lokacin ƙato ne, ga tsada. Sai masu kebul suka riƙa kamowa suna rarraba wa gidaje. A 1992 gwamnati ta yi dokar da ta ba 'yan kasuwa damar buɗe tashoshi. DStv ya zo a 1995, StarTimes a 2010. Dish ya ƙanƙance, kuɗinsa ya sauko, tashoshi suka kai ɗaruruwa.

Ribarmu a nan ita ce Hausa ta biyo mu har ɗaki. Ga Arewa24 tun 2014, ga tafsirin azumi, ga sallar Harami kai tsaye daga Makka. Yaran da aka haifa a nan, waɗanda Hausarsu ta fara rauni, sun sami inda za su ji ta.

Amma fa jama'a, dish bai san halal da haram ba, duk abin da aka turo zai kamo. Muna kasuwa tun safe, rimot yana hannun yara. Kowace dikoda tana da wajen kulle tasha da lamba, a sa mai haɗawa ya nuna mana. A zaɓa musu tashoshin Hausa, a zauna a kalla tare, a kashe lokacin Islamiyya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya shirya mana zuriya.