Citta da Makomar Kasuwancinmu a Kafanchan

(Jawabin da aka gabatar a wajen taron ƙungiya)



An umarce ni da in ce wani abu game da tattalin arzikin wannan yanki namu na kudancin Jihar Kaduna. To, maganar tana da faɗi, saboda haka zan tsaya a kan abu guda wanda kusan kowane gida a nan yake ci daga gare shi, wato citta.

Amma bari mu ɗan waiwaya baya tukuna. Kowa ya san jirgin ƙasa ne ya raya Kafanchan. Wajen shekarar 1927 layin dogo da ya taso daga Fatakwal ya haɗu a nan da na Kaduna da na Jos, garin ya zama mahaɗa. A 1933 fadar Sarkin Jama'a ta dawo nan. Kakanninmu da yawa dogon nan suka biyo daga Kano, Zariya, Katsina da Bauchi, wasu fatake, wasu mahauta, wasu maɗinka. Yau fa? Ku je tasha ku gani da idonku. A 2021 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da aikin gyaran layin Fatakwal zuwa Maiduguri, muna kuma fatan alheri. Sai dai mai iyali ba ya zama jiran jirgi. Abin da ya riƙe kasuwarmu bayan da dogo ya yi sanyi shi ne amfanin gona, citta kuwa ita ce kan gaba.

Mafi yawan cittar da Nijeriya take samarwa daga nan take fitowa: Kachiya, Jaba, Kagarko, Jama'a da Zangon Kataf. Tafin giwa da yatsun biri da muke aunawa a Kwoi, Kubacha da Kachiya su ne ake lodawa zuwa Legas, daga can a kai Indiya, ƙasashen Larabawa da Turai, inda ake son tamu saboda yajinta da yawan mai. Maƙwabtanmu Ham, Bajju, Adara, Koro, Gwong da sauransu su ne galibin masu nomawa. Mu kuma yawancinmu saye, dillanci, ajiya da jigila muke yi. Kowa da rabonsa.

Sai ga daminar 2023. Wata cutar ruɓa ta faɗa wa gonaki, ganye ya yi rawaya, saiwa ta narke a cikin ƙasa. Gwamnatin Tarayya ta ƙiyasta asarar da fiye da Naira biliyan 12, daga baya kuma ta ware Naira biliyan 1.6 don tallafi. Jama'a, ku lura da wani abu. Citta ba kamar dawa ba ce da za a sayi tiya guda a shuka gona. Irinta ita ce cittar kanta, manomi yakan ware wani kaso daga abin da ya haƙa ya ajiye har watan Afrilu ko Mayu. Da cutar ta cinye amfani, ta haɗa har da irin baɗi. Shi ya sa kuɗin buhu ya yi tashin gwauron zabo, amma sito ya zama wayam. Mai mota ya rasa lodi, ɗan dako ya rasa aiki, mai shayi da mai tuwo a bakin kasuwa suka rasa ciniki. Wanne ne a cikinmu bai ji a jikinsa ba?

Darasin a fili yake: in manomin Kwoi ya faɗi, ɗan kasuwar Kafanchan ba zai tsaya da ƙafarsa ba. Don haka ina da shawarwari huɗu.

Na farko, mu sa kuɗinmu a gona tun daga shuka, ba sai lokacin kaka ba. Malaman gona suna cewa a nemi lafiyayyen iri, a wanke shi da magani, kada a maimaita citta a gonar da ta kamu sai an huta da ita, a kuma gyara hanyar ruwa don kada ya kwanta. Duk wannan kuɗi ne, ƙaramin manomi kuwa ba shi da su. Mu ba da bashin iri da taki bisa yarjejeniya a rubuce, da shaidu daga ɓangarorin biyu. Amma fa a biya da farashin ranar kaka. Al'adar nan ta ba mutum kuɗi lokacin da yake cikin matsi, sannan a kwashe masa citta a arha, riba ce ta shekara guda, ƙiyayya ta shekara goma.

Na biyu, mu gyara kaya. Shanya a ƙasa ko a gefen kwalta, da ɗura citta a buhu ba ta gama bushewa ba, su ne ke jawo fumfuna har a karya mana farashi a waje. Tamfol da sikeli ba su fi ƙarfinmu ba. Mu koma awo da kilo, kowa ya ga abin da ya sayar.

Na uku, mu daina sayar da wahalarmu ɗanya. Babbar riba tana wajen mai wankewa, mai niƙawa da mai tatsar mai. Masana'antar citta da aka kafa a Kachiya ta daɗe tana fama, wannan ya isa ya nuna mana cewa jiran gwamnati kaɗai ba zai kai mu ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma 'yan kasuwa 20 in suka haɗa adashi za su iya sayen injin tsagawa da na niƙa. Iyayenmu mata da suke haɗa yaji da kayan shayi a cikin gida, a ba su jari da leda mai kyau, kayansu za su kai Abuja. 'Ya'yanmu kuma mu tura su sashen aikin gona na Jami'ar Jihar Kaduna da ke nan Kafanchan.

Na huɗu, kuma shi ne babba, zaman lafiya. Mun ga 1987, mun ga 1999, mun ga 2011 lokacin da kasuwar garin nan ta ƙone. Wuta ba ta tambayi rumfar wane ne ba. Babu mai kuɗin da zai kafa inji a inda ake sa dokar hana fita. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Saboda haka duk ƙungiyar gama kai da za mu kafa, a sa manoma 'yan Fantswam, Bajju da Kaninkon a cikin shugabancinta, da hannun jarinsu. Mutumin da kuka haɗa dukiya da shi, da wuya a zuga shi ya cinna mata wuta.

Ina roƙon shugabanni su naɗa kwamiti a yau, ya gana da shugabannin manoma kafin lokacin shuka, ya kawo mana rahoto a taro na gaba.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.