Gishiri, Maƙoƙo da Ciwon Suga: Laccar da Aka Gabatar a Bagudo



Magana tana yawo cewa aidin, sinadarin nan da ake sa wa gishiri, yana maganin ciwon suga. Ba ya yi. Alaƙa dai akwai ta, amma ta wuya take bi.

A gaban maƙogwaro akwai wata 'yar halitta da likitoci ke kira tayirod, wadda in ta kumbura muke cewa maƙoƙo. Da aidin take haɗa sinadaran da ke ƙayyade saurin da jiki ke ƙona abinci. A ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, baligi yana buƙatar maikirogiram 150 a rana, mai ciki 250. Idan tayirod ta wuce gona da iri, hanji zai riƙa tsotse suga da sauri, hanta ta ƙara tura nata cikin jini, insulin kuma ya ƙare da wuri. Sai ka ga dattijo mai suga bai saɓa wa likita ba, amma awonsa yana ta hawa, yana rama, gabansa na bugawa, 'ya'yansa kuwa na zarginsa da shan lemo a ɓoye. Idan kuma tayirod ta yi sanyi, insulin yakan daɗe a jini, mai yin allura ya wayi gari da jiri da gumi, suga ya faɗi.

To, me ya kawo zancen Bagudo? Muna nesa da teku, kuma kifin da ake kamawa a kogin Kwara, duk daɗinsa, bai kai na ruwan gishiri aidin ba. Geronmu ma, binciken da aka yi a Darfur ta Sudan ya nuna yana iya rage wa tayirod ƙarfi inda aidin ya yi ƙaranci. Ban ce a bar fura ba, kada Fulanin Ka'oje su tare ni a hanya.

Tun 1993 Najeriya ta wajabta sa aidin a gishirin ci, hukumar NAFDAC ke sa ido. Amma doka a jikin buhu ake karanta ta. A garin iyaka kamar Lolo ko Tsamiya, inda kaya ke shiga da fita tsakaninmu da Benin, da zarar an juye gishiri a tire ana aunawa, ba mai sanin asalinsa, rana da danshi kuma suna cinye aidin ɗin. Gishirin Foga na wajen Gaya, wanda kakanninmu suka yi fataucinsa, dafa shi ake a gargajiyance, ba a ƙara masa komai.

Yawan aidin ma masifa ne. A Zimbabuwe, wajen 1995, likitoci sun ga ƙaruwar masu tayirod mai zafi bayan gishiri mai aidin fiye da kima ya shiga kasuwa, galibinsu manya masu tsohon maƙoƙo. Don haka kada mai suga ya ƙara gishiri da sunan neman aidin, ko ya sayi ƙwayarsa a kemis. Hawan jini na jiransa, ga ƙoda da ciwon ya riga ya gajiyar. Ƙasa da giram 5 a rana ya isa, da na miya da na dunƙule duka. A sayi na leda mai tambari, a rufe shi, a nisanta shi da murhu.

Ku ma'aikatan asibitocin karkara, mai sugan da awonsa ya ƙi daidaita ba dalili, ku shafa wuyansa, ku ƙirga bugun jininsa, ku tura shi Birnin Kebbi a yi masa gwajin tayirod na TSH kafin ku ƙara masa magani.