Manhaja da 'Yan Rakiyarta: Jawabi Kan Kwamfutocinmu Masu Linux

 

  

An nemi in yi bayani a kan wani abu da ya dami da yawa daga cikinmu, wato tsofaffin kwamfutocin nan da aka sa wa Linux, a ofishin ƙungiya da makarantar Islamiyya da shagunanmu. Kun sani ni ba injiniya ba ne, karatuna na Islamiyya ne, sana'ata kuwa saye da sayarwa. Amma na yi shekaru ina ajiye lissafin citta da na masu bashi a cikin irin wannan kwamfuta, kuma kukan da nake ji a bakin mutane ɗaya ne: an je saka manhaja, ta ƙi shiga, ta fito da turanci cike da allo. Sai mutum ya yanke hukunci wai kwamfutar ta mutu, ya kai ta wajen mai gyara a share komai, sunayen 'yan ƙungiya da kuɗin wata-wata da sakamakon jarrabawar yara duk su bi ruwa. Alhali sau tari gyaran bai fi layi biyu ba.

Da farko, me ya kai mu ga Linux? Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, in ban da ɗan ƙarin wa'adi ga wanda ya yi rajista. Windows 11 kuwa ba ta yarda da yawancin kwamfutocin da aka ƙera kafin 2017, kuma irinsu ne 'yan gwanjon da ake sayo mana daga Ikeja ko Kano. Shi Linux kyauta ne, kuma yana tafiya a kan tsohon inji. Wani ɗalibi mai suna Linus Torvalds ya fara shi a ƙasar Finland a 1991. A 1993 Ian Murdock ya kafa Debian, a 2004 wani ɗan Afirka ta Kudu, Mark Shuttleworth, ya fito da Ubuntu daga jikin Debian, sannan Linux Mint ta fito daga jikin Ubuntu a 2006. Kaka da uwa da 'ya ke nan, shi ya sa maganin da zan faɗa yake yi wa dukkansu ukun.

To, ga asalin maganar. A Linux manhaja ba ta tafiya ita kaɗai. Kowace tana da 'yan rakiya, wato wasu ƙananan ƙunshi da take jingina da su: wannan shi ke zana mata taga, wancan shi ke karanta mata hoto, wani shi ke haɗa ta da na'urar buga takarda. Kuma ɗan rakiya ɗaya yana iya yi wa manhaja ɗari aiki, shi ya sa ba a cusa shi a cikin kowace, sai a ajiye guda ɗaya kowa ya ɗauka. Duk wanda ya taɓa riƙe injin niƙa ya san kan zancen. Ka sayo inji, amma sai da bel, sai da fule, sai da faranti, kuma kowanne da lambarsa. Bel ɗin yana iya zama sabo fil, in lambarsa ba ta dace ba, injin ba zai juya ba. Haka nan manhaja takan ce tana son ɗan rakiya kaza, lamba kaza ko sama da haka. In babu shi, ko kuwa wanda ke ciki ya tsufa, sai ka ga an rubuta "unmet dependencies". Ma'anarsa kawai ita ce 'yan rakiya ba su cika ba. Ba mutuwa ba ce.

A cikin kwamfutar akwai ma'aikata biyu da ya kamata ku san bambancinsu. Na ɗaya sunansa dpkg, shi ɗan dako ne. Ka ba shi ƙunshi, ya kwance, ya jera, ya rubuta a littafi. In ya tarar 'yan rakiya ba su cika ba, sai ya tsaya ya yi ƙorafi, amma ba zai je ya nemo su ba. Na biyu sunansa apt, shi dillali ne. Ya san rumbun da kaya suke a intanet, rumbun da ke da ƙunshi fiye da 50,000 da aka gwada su tare, ya san wa ke buƙatar wa, zai haɗo su gaba ɗaya sannan ya miƙa wa ɗan dako. Shagon manhaja mai hotuna da kuke latsawa da linzami, galibi shi ma ta hannun waɗannan biyun yake bi. Saboda haka in an ba ku ƙunshi mai ƙarewa da .deb a filashi, kada ku miƙa wa ɗan dako kai tsaye da dpkg -i. Ku buɗe baƙar tagar umarni a inda ƙunshin yake, ku rubuta sudo apt install ./ sannan sunan ƙunshin a manne. Wannan ɗigo da karan da ke gaban sunan su ne ke gaya wa dillali cewa kayan suna nan gida, sauran 'yan rakiya kawai zai sayo.

Kafin ku saka komai, ku rubuta sudo apt update. Wannan ba ya saka komai, jerin kayan rumbu kawai yake sabuntawa, kamar yadda ɗan kasuwa ke bugawa Kachia ya ji halin kasuwa kafin ya ɗora buhu a mota. Wanda ya yi wata uku bai sabunta jeri ba, dillalinsa zai je neman lambar da aka riga aka janye, ya dawo da "404 Not Found".

Yanzu sai cututtukan da suka fi kama mu a nan, don namu sun ɗan bambanta da na Turawan da ke rubuta littattafan.

Babbar cikinsu ɗauke wuta. Kana tsakiyar saka manhaja, ɗif, wuta ta tafi, ko man janareta ya ƙare. Ɗan dako ya kwance kaya rabi, bai rubuta a littafi ba. Daga ranar duk abin da ka nema a saka sai ya ƙi. Maganin shi ne sudo dpkg --configure -a, wato ƙarasa aikin da ka bari. In ya gama, sai sudo apt --fix-broken install, wato dillali ya cike giɓin da ya rage. Waɗannan layuka biyu, ina roƙon sakatare ya rubuta su da babban baƙi ya manna a bango kusa da kwamfutar ofis. Kuma mai kwamfutar tebur wadda ba ta da batir, ya daure ya sayi ƙaramar na'urar nan mai riƙe wuta na 'yan mintoci. Kada kuma a fara babban sabuntawa alhali hadari ya haɗo.

Ta biyu, ba kowa ya san ta ba, agogo ne. A cikin kowace kwamfuta akwai ɗan batir mai faɗin kwabo, a na tebur yawanci lambarsa CR2032, shi ke riƙe kwanan wata in an kashe inji. A 'yan gwanjo sau da yawa ya riga ya mutu. Sai kwamfuta ta farka tana zaton muna shekaru goma baya, ta duba jerin rumbu ta ga kwanan watansa yana gaba da nata, ta ce "is not valid yet", wai lokacinsa bai yi ba tukuna. Na ga an yi kwana biyu ana fama da wata kwamfuta, ana zargin intanet, ana zargin Linux, ashe agogo ne. Ku dubi kusurwar allo tun farko. In kwanan wata ba daidai ba ne, ku gyara, ku sake batirin, kuɗinsa bai kai na kwanon masara ba.

Ta uku gaggawa. Ka kunna kwamfuta, nan take ka nemi saka abu, ta ce "Could not get lock". Ba komai ba ne, Ubuntu ce ke sabunta kanta a ɓoye, kuma mutum biyu ba sa rubutu a littafi ɗaya lokaci ɗaya. Ka jira minti goma. Samari za su gaya maka wai a goge fayil ɗin makullin da ƙarfi, sun gani a intanet. Kada ka yarda muddin aikin farko bai ƙare ba, don da hannunka za ka jawo irin ɓarnar da ɗauke wuta ke yi.

Ta huɗu ita ce wa'adi, kuma a nan zan ɗan daɗe. Ubuntu tana fitowa sau biyu a shekara, Afrilu da Oktoba, kuma lambarta ita ce shekara da wata: 24.04 na nufin Afrilun 2024. Wadda ke fitowa a Afrilun kowace shekara biyu ana ce mata LTS, ana kula da ita shekara 5. Sauran na tsakani wata 9 kacal, daga nan a kwashe rumbunsu daga inda yake. To mai gyara ya ɗauko filashin da ke aljihunsa ya sa maka ta wata tara, kai ba ka sani ba, bayan shekara komai ya tsaya. Ku rubuta lsb_release -a, za ta faɗi lambarta. Kulawar yau da kullum ta 20.04 ta ƙare a 2025, ta 22.04 tana kaiwa 2027, ta 24.04 har 2029, haka Linux Mint 22 da aka gina a kanta. A ganina kwamfutar ƙungiya da ta makaranta ba su da hurumin ɗaukar komai sai mai dogon wa'adi. Mu ba masu gwaji ba ne, masu ajiyar amana ne.

Akwai kuma haɗa kayan gida biyu. Yaro ya ga wata manhaja, ya ɗauko ƙunshin da aka yi wa Debian ya cusa a Ubuntu, ko na 24.04 ya cusa a 22.04, ko ya ƙara rumbun wani mutum can da ake kira PPA ba tare da ya san ko wane ne ba. Wannan daidai yake da sa kayan Fijo 505 a 504 don kawai gida ɗaya suka fito. Wani lokaci ya shiga, wani lokaci ya ja sabon ɗan rakiya ya ture tsohon da manhaja ashirin ke dogaro da shi.

Shi ya sa nake cewa ku karanta kafin ku danna Y. Duk lokacin da apt zai yi aiki, sai ya nuna jerin abin da zai saka da abin da zai cire. Kalmar da za ku nema ita ce REMOVED, da manyan baƙaƙe take zuwa. In ka nemi ƙaramar manhaja guda ka ga za a cire abu talatin, danna N, ka nemi wanda ya sani. Ga misali sananne. Akwai irin manhajar da ake kira AppImage, a Ubuntu 22.04 takan nemi ɗan rakiya mai suna libfuse2, a 24.04 kuwa sunansa libfuse2t64. Mutane da yawa a duniya sun rubuta fuse kawai, suna ganin ai duk ɗaya ne. Shi kuwa wannan ba ya zama da fuse3 da fuskar kwamfutar ke jingina da shi, sai apt ya nuna zai cire su, su kuma suka danna Y ba su karanta ba, aka wayi gari kwamfuta ba ta kai mutum ga teburinsa. Dukkanmu nan ba wanda zai sa hannu a takardar ciniki bai karanta ba.

Wani zai ce, Alhaji, ai na ji akwai Snap da Flatpak, masu zuwa da 'yan rakiyarsu a goye. Gaskiya ne, kuma suna rage rigima ƙwarai. Sai dai goyon nan nauyi ne da shi. Abin da apt zai kawo da mega kaɗan, Flatpak a karon farko yana iya jan ɗaruruwan mega, kuma kun san kuɗin data, kun san yadda sabis yake a wasu unguwanninmu. Ni nakan fara duba rumbun gida, in babu sannan in koma kansu.

Tun da an zo maganar data, ga dabara ga makaranta mai kwamfuta biyar ko shida. In aka saka manhaja da apt-get install, ƙunshin da aka sauko da su suna zama a /var/cache/apt/archives. Ku kwafe su a filashi, ku zuba a wuri ɗaya a sauran kwamfutocin, ku yi sudo apt update, sannan ku saka. Dillali zai tarar da kaya a gida, ba zai sake saye ba. Sharaɗi guda, lallai duka su zama lamba ɗaya. Wannan ma wani dalili ne na kada kowane malami ya sa irin tasa.

Malamanmu na Islamiyya, ku ma akwai rabonku a rumbun. Akwai fonts-hosny-amiri na rubutun Larabci, akwai fonts-sil-alkalami wanda aka zana a kan salon ajamin Kano, kuma allon rubutun Hausa mai ƙ da ɗ da ɓ yana cikin Linux tun asali, zaɓarsa kawai ake yi. LibreOffice na rubutu da lissafi kuwa yana zuwa tare da Mint.

Roƙona ga shugabanni guda uku ne. Kalmar sirrin nan da ake sa wa bayan sudo ta zauna a hannun mutum biyu kawai, don ita ce makullin sito. A ajiye littafi kusa da kwamfuta, duk wanda ya saka abu ya rubuta sunansa da rana, ta haka in ta rikice an san inda za a fara dubawa. Sannan duk ranar Juma'a a kwafe takardun ƙungiya a filashi biyu, ɗaya wajen sakatare ɗaya wajen ma'aji. Masu Mint su kunna Timeshift, yana mayar da kwamfuta yadda take kafin ta rikice, amma ku sani tsarin inji yake adanawa, ba ya adana takardunku sai an umarce shi.

'Ya'yanmu da ke karatu a Gidan Waya da reshen jami'ar jiha na Kafanchan, in kun zo hutu ku leƙo ofis. Wanda tasa ta tsaya kuma, kafin ya kai ta a share, ya ɗauki hoton allon da wayarsa, tun daga layin farko har na ƙarshe, ya kawo mu karanta tare bayan la'asar.