Minshari ba abin dariya ba ne

 

Kowa a nan ya san wani mai minshari, kuma yawanci dariya muke yi masa. To, akwai minsharin da ciwo ne. Mutum yana cikin minshari sai ka ji tsit, numfashi ya ɗauke, can sai ya yi firgigit yana haki kamar an shaƙe shi. Wasu su ce dannau ne, wasu su ce iska. Likitoci kuwa suna kiran shi ɗaukewar numfashi cikin barci.

In barci ya yi nauyi, naman maƙogwaro yana saki ya toshe hanyar iska. Numfashi ya tsaya sakan 10 ko fiye, iskar oksijin ta ragu cikin jini, ƙwaƙwalwa ta zaburar da mutum ya ja numfashi, ya koma barci bai sani ba. Ga wanda ciwon ya yi wa tsanani, hakan na faruwa sau 30 ko fiye cikin awa guda. Wani bincike na 2019 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 936 masu shekara 30 zuwa 69 ne ke da shi a duniya.

Mai wannan ciwo yana tashi da ciwon kai da bushewar baki, Asuba ta yi masa nauyi, ya yi ta gyangyaɗi cikin aji ko ana huɗuba, a ce raggo ne. In aka bar shi, yana jawo hawan jini, wato tansiyo, da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Ku tuna direban da ya ɗauko siminti daga Malbaza ko albasa daga Galmi, ya ratso Tsarnawa zuwa Ƙonni da wannan gyangyaɗi. Ransa da na jama'a duka suna hannunsa.

Ƙiba da kaurin wuya su ne kan gaba wajen kawo shi. Taba, giya, ƙwayoyin barci da tramol suna ƙara shi. Yara ma suna yi, galibi saboda kumburin ƴan wuya. Don Allah kar a kai su ga wanzami a yanke beli, likita ne zai duba.

Magani akwai. Rage ƙiba, barin taba da ƙwaya, da kwanciya ta gefe maimakon rigingine, wadda dama kwanciya kan dama sunna ce. Akwai kuma na'urar CPAP, wadda likita Colin Sullivan na Ostireliya ya fito da ita a 1981, mai hura iska ta hanci don hanyar ta zauna buɗe har safe.

Matsalar ita ce mai ciwon ba ya jin kansa. Mu da muke kwana ɗaki ɗaya da shi, ko muke jiyo baba ta bayan zana, mu ne shaidu. Ka nemi izininsa ka ɗauki sautin da salula, ka gaya masa cikin ladabi, ka raka shi asibiti. A auna tansiyo, a kunna wa likita sautin, in da bukata ya tura shi Tawa ko Yamai wajen ƙwararru.

Jiki amana ne, neman magani kuma ba ya warware tawakkali. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ƙara wa ƙungiyarmu albarka.