Littafin Bashinmu a Intanet

Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiya

 

A da, in muna son Excel ko Word, sai mun kai kwamfuta an ɗora mana da faifai, galibi ma na jabu. Ran da ta lalace ko ɓarawo ya ɗauke ta, lissafin goro da na shanu ya tafi ke nan.

To, tun 2010 kamfanin Microsoft ya sanya waɗannan manhajoji a intanet. Sai mutum ya buɗe Chrome, ya shiga asusunsa, ya yi aiki kyauta, lissafinsa na ajiye a OneDrive. Dillali a Ibadan da maigidansa a Kano suna iya duba takarda ɗaya a lokaci guda, ba musu.

Amma fa jama'a, abin sai da data. Sannan kalmar sirri ita ce makullin shago. In muka yi aiki a kwamfutar wani, mu fita daga asusunmu kafin mu tashi, domin bashin mutane amana ne.

Allah ya yi wa nemanmu albarka.