Shirya Kantuna da Ofisoshi Kafin Shigowar Sanyi a Ingila

Jama'a, wannan jawabi ya shafi 'yan Nijeriya waɗanda neman abinci ya kai su Ingila, har suka kama hayar kanti, ko ofis, ko gidan sayar da abinci. Sanyin can dabam yake da hunturun da aka saba da shi a gida, domin daga Disamba zuwa Fabrairu awon zafi yakan sauka ƙasa da sifiri, ruwa ya daskare ya zama ƙanƙara. Saboda haka masu gine-gine sukan fara shiri tun watan Satumba ko Oktoba, lokacin da ake samun ma'aikatan gyara ba tare da dogon jira ba.

Galibin gine-ginen ƙasar da ruwan zafi ake ɗumama su. Akwai tukunya mai aiki da iskar gas, ita ke dafa ruwa, injin ya tura shi cikin bututu zuwa ga faya-fayen ƙarfe da ke jikin bangon kowane ɗaki, sa'an nan ruwan ya komo tukunya a sake dafa shi. Tukunyar nan takan yi watannin bazara ba ta aiki sosai, don haka lalle ne a kunna ta a gwada tun sanyi bai kankama ba. Idan aka taɓa faifan ƙarfe aka ji ƙasansa da zafi, samansa kuwa da sanyi, to iska ce ta taru a ciki, sai a buɗe ɗan makullin da ke gefe ta fita. In kuwa ƙasan ne ya yi sanyi, tsatsa da laka ne suka kwanta, wannan sai an kira gwani ya wanke.

Ita tukunyar kanta ba a yi mata gyaran ganin dama. Dokar kiyaye haɗarin gas ta shekarar 1998 ta hana kowa yin sana'ar gyaran kayan gas sai wanda aka yi wa rajista, kuma tun 2009 rajistar nan ana kiranta Gas Safe. Akan kira irin wannan ma'aikaci sau ɗaya a shekara ya duba wuta da mafitar hayaƙi, ya ba da takarda. Ɗan haya ya karanta yarjejeniyarsa da kyau, gama a hayar kanti sau da yawa nauyin nan a kansa yake, ba a kan mai gini ba.

Dalilin wannan tsanani kuwa shi ne gubar da ake kira kabon monoksaid. Iska ce wadda ba ta da launi, ba ta da wari, tana fitowa idan wuta ba ta sami isasshiyar iska ba, ko tsuntsu ya yi sheƙa ya toshe mafitar hayaƙi. Wutar gas mai lafiya shuɗiya ce. In ta koma ruwan ɗorawa tana lilo, ko baƙin hayaƙi ya fara bayyana a jikin tukunya, akwai matsala. Alamunta a jikin mutum su ne ciwon kai, da jiri, da tashin zuciya, abin da mutane kan ɗauka mura ce. Amma in ma'aikata biyu ko uku suka yi kuka da ciwon kai a cikin kanti, suka ji sauƙi da fitarsu waje, sai a kashe tukunya, a buɗe tagogi, kowa ya fita. Na'urar da ke yin ƙara in ta ji gubar nan ba ta da tsada. Kada kuma a toshe ƙofofin iska da tsumma wai don a tare sanyi. Gubar nan dai ita ce ke halaka mutane a gida Nijeriya, in an kwana da kaskon garwashi ko janareta a ɗaki rufe.

Abu na biyu mai cin dukiya shi ne fashewar bututu. Ruwa in ya daskare yakan ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100, ya tsaga bututun da ke riƙe da shi. Muddin ƙanƙarar tana nan ba a ganin kome, sai ranar da ta narke ruwa ya kwararo a kan kaya. Haka ya faru a wurare da yawa cikin Disamba 2022, da aka yi kwanaki ana matsanancin sanyi, ɗumi kuma ya komo farat ɗaya. Kantunan da aka rufe don hutun Kirsimeti su suka fi shiga haɗari, domin mai tsimi yakan kashe tukunya ɗungum ya tafi, kuma wannan tsimi ne na asara. Abin da ya kamata shi ne a bar ta tana aiki kaɗan-kaɗan, a naɗe bututun da ke cikin rufi da na waje da soso, kowane ma'aikaci kuma ya san inda babban makullin ruwa yake. Wasu kamfanonin inshora ba sa biyan diyya in an bar gini rufe ba ɗumi, don haka a duba sharuɗɗansu.

Tukwanen zamani suna da wani siririn bututun roba mai fitar da ruwan raɓa zuwa waje. A sanyin ƙarshen Fabrairu da farkon Maris 2018 bututun nan ya daskare a gine-gine masu ɗimbin yawa, tukwane suka tsaya a daidai lokacin da aka fi bukatarsu. Shi ma a naɗe shi. In ya daskare a zuba masa ruwan ɗumi, ba tafasasshe ba.

Ma'aikata ma suna da hakki. Jagorar hukuma ta ce kada ɗumin wurin aiki ya gaza awo 16, ko 13 inda ake aikin ƙarfi. Sauran aiki ɗan kaɗan ne: a kwashe ganyen kaka daga indararo, a gyara tagar da ba ta rufuwa, a tanadi gishirin da za a barbaɗa a ƙofar kanti don kada santsi ya ka da mai ciniki.